Ƙanwata tana aiki a shagon gahawa, kullum sai ta dawo da kuka: ta haƙura ko ta bari?

Wani bawan Allah ya rubuto daga Abuja yana cewa ƙanwarsa ta samu aiki a wani shagon gahawa a Wuse II, wata biyar ke nan. Tana fita da sassafe, wani lokaci sai bayan isha'i take shigowa gida, ƙafafu a kumbure. Kwastomomi suna daka mata tsawa, wasu maza suna matsa mata lamba sai ta ba su lambar waya, kuma sau biyu ana zaftare mata albashi: ɗaya saboda wani ya nuna alat na bogi ya tafi da kaya, ɗaya saboda kofi ya fashe a hannunta. A gida ana ce mata ta yi haƙuri, kowane aiki da wahalarsa. Yana son ya sani: haka aikin yake a ko'ina? Akwai abin da doka ta tanadar mata? Ta ci gaba ko ta ajiye?

Malam, ka gaishe min da ita, ka kuma gaya mata ba ragwanta ce take sa ta kuka ba. Na daɗe ina horar da ma'aikatan otal da gidajen abinci da shagunan gahawa, na kuma riƙe shago da hannuna, kuma abin da na haƙiƙance shi ne wannan: mugun kwastoma akwai shi a kowace ƙasa, amma yawan wulaƙancin da ma'aikaci yake sha a wurin aiki, mai shago ne yake yanke shi, ta yadda ya tsara aikin da kuma inda yake tsayawa idan rigima ta tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka amsar tambayarka tana wurin manajanta, kuma zan nuna maka yadda za ku auna shi.

Bari in fara kai ka bayan kantar, domin wanda yake zaune yana jira ba ya ganin abin da ke faruwa a can. Kofi ɗaya na gahawa mai madara, sai an niƙa 'ya'yan gahawa kimanin giram 18, an zuba a ɗan ludayin injin, an danne da ƙarfi, an murɗa shi ya shiga mazauninsa. Injin yana tura ruwa mai zafin da ya haura digiri 90, kuma sai ya ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30 kafin ya gama tsiyaya. A gefe guda tana dumama madara da tururi har ta kai digiri 60 zuwa 65. Idan ta zarce haka ɗanɗanonta ya lalace, sai a zubar a sake. Babu hanyar yanke a wannan aiki. Idan mutum goma suka shigo tare da ƙarfe takwas na safe, kowa yana sauri ya isa ofis, na goman dole ya jira, ko da mala'ika ne a kan injin. Ita ce kuma mai karɓar kuɗi a yawancin ƙananan shaguna. POS ya ce babu netwok, ɗan acaban kai saƙo yana tsaye yana buga ƙafa, an ɗauke wuta ana jiran janareta. Wanda ransa ya ɓaci ba ya ganin injin, ba ya ganin mai shagon da ya ajiye mutum biyu a wurin da yake buƙatar huɗu don ya rage kuɗin albashi. Fuskar da ke gabansa ita yake gani, a kanta yake sauke fushinsa.

Ga kuma abin da jiki yake sha. Bututun tururi yana ƙona yatsu da bayan hannu. Dannawa da murɗawa sau ɗaruruwa a wuni suna cinye wuyan hannu da kafaɗa. Tsayuwar awa takwas ko goma a kan tayil ita ce ta kumbura mata ƙafafu, kuma idan takalmin da aka tilasta mata sawa na kwalliya ne ba na tsayuwa ba, ciwon baya yana tafe.

Akwai wata gajiyar da ba a biyan kuɗinta, wato ta fara'ar dole. Wata masaniyar halayyar zamantakewa a Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazari a kan ma'aikatan jirgin sama, kuma a 1983 ta nuna cewa danne ɓacin rai da nuna fara'a ga wanda yake cin mutuncinka aiki ne mai zaman kansa, yana gajiyar da mutum kamar ɗaukar kaya. Manyan kamfanoni sun san da haka, har aunawa suke yi. A Ingila, kamfanin Pret A Manger mai sayar da gahawa da abinci ya daɗe yana tura kwastoman sirri shagunansa kowane mako, kuma ƙarin kuɗin da ma'aikatan shagon gaba ɗaya za su samu yana rataye da rahoton da zai kai. Ka ga wanda aka zaga minti biyar da suka wuce dole ya yi murmushi ga na gaba, domin bai sani ba ko shi ne ɗan leƙen asirin, kuma idan ya ɗaure fuska abokan aikinsa ne za su yi asara tare da shi. Kukan da ƙanwarka take yi a gida, shi ne wanda ta haɗiye tun safe.

Ka tambaya ko haka abin yake a ko'ina. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Starbucks a Amurka, kamfanin da ya fi kowa yawan shagunan gahawa a duniya, wanda kuma ake yabawa da ba ma'aikata inshorar lafiya da tallafin karatu. A 2015 ya buɗe yin oda ta waya a faɗin ƙasar. Daga nan layi ya zama biyu: wanda ake gani a cikin shago, da wanda yake kwararowa ta manhaja ba ƙaƙƙautawa. Kamfanin da kansa ya yi alfahari da cewa akwai hanyoyi sama da 170,000 da mutum zai iya cewa a haɗa masa abin sha. Mai oda yana jin daɗi, mai haɗawa kuwa kowane ƙarin sinadari daƙiƙoƙi ne da aka ɗora masa, alhali agogon da ake auna shi da shi bai canza ba. Tun kafin nan, a 2014, an yi ta ce-ce-ku-ce a kan yadda kwamfuta take tsara wa ma'aikatan lokutan aiki, ta sa mutum ya rufe shago da dare ya kuma dawo ya buɗe da asuba. Birnin Siyatil, inda hedikwatar kamfanin take, ya kafa doka da ta fara aiki a Yulin 2017: manyan kamfanonin abinci da shaguna su sanar da ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci, kuma a bar awa 10 tsakanin rufewa da buɗewa, in ba haka ba a biya shi ƙari.

A ranar 9 ga Disamba, 2021, aka ƙirga ƙuri'un ma'aikatan wani shagon kamfanin da ke titin Elmwood a birnin Bafalo, 19 suka amince 8 suka ƙi, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta Workers United. Daga wannan shago ɗaya abin ya bazu zuwa shaguna sama da 500. Idan ka saurari koke-kokensu, albashi yana ciki, amma abin da ya fi maimaituwa shi ne ƙarancin ma'aikata a lokacin cunkoso, da yanke wa mutum awannin aiki ba zato, da barin su su kaɗai da masu tayar da hankali. A Yulin 2022 kamfanin ya sanar da rufe shaguna 16 saboda matsalar tsaro. A Maris na 2023 wani alƙalin hukumar kula da dangantakar ƙwadago ta ƙasar ya samu kamfanin da karya dokar ƙwadago ta hanyoyi da yawa a yankin Bafalo, kuma a ƙarshen watan Howard Schultz, wanda ya gina kamfanin, ya amsa tambayoyi a gaban kwamitin majalisar dattawa da Sanata Bernie Sanders yake shugabanta a lokacin. A Janairun 2025 kamfanin ya kafa ƙa'idojin zama a shagunansa, waɗanda suka haramta tsangwama da barazana, suka kuma ba ma'aikata damar cewa mai karya su ya fita. Abin da nake so ka lura da shi a nan: duk gyaran da aka samu, a tsarin aiki aka same shi. Babu wanda ya gyara halin kwastomomin Amurka.

Wasu ƙasashen sun ɗauki mataki a kan kwastoman kai tsaye. Koriya ta Kudu, tun Oktoban 2018, ta wajabta wa mai aiki ya kare ma'aikacin da kwastoma ya zaga ko ya ci zarafinsa, har da janye shi daga wurin ya huta, kuma haramun ne a kore shi don ya nemi hakan. Sukotlan ta yi doka a 2021 da ta mayar da duka ko zagi ko barazana ga ma'aikacin shago laifi mai zaman kansa. Birnin Tokiyo na Japan, ƙasar da aka san ta da girmama mai saye fiye da kima, ya fara aiki da dokar hana tsangwamar ma'aikata daga kwastomomi a Afrilun 2025, ko da yake ba ta tanadi hukunci ba.

Mu ma a nan mun san wannan ba tare da doka ba. Dubi mai shayin bakin layinku. Yana tashi kafin asuba, yana shan hayaƙi da zafin tukunya, yana fama da masu cin bashi. Amma idan wani ya zo ya zage shi, zai ce masa ya tashi ya bar masa benci, kuma sauran masu shan shayi za su goya masa baya, domin teburin nasa ne. Ƙanwarka tana yin kusan irin aikinsa, a wuri mai na'urar sanyaya ɗaki, amma an karɓe mata ikon cewa "ya isa". Wanda ya karɓe ikon, wato mai shago, shi ne ya wajaba ya faɗi wannan kalma a madadinta.

Yanzu ga doka, kuma tana da abin faɗa fiye da yadda mutane suke zato. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da yadda ake rabuwa. Ita ta yi wata biyar, don haka idan ba ta da wannan takarda, an riga an tauye mata haƙƙi. Sashe na 13 ya ce wanda yake aikin awa shida ko fiye a wuni yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kuma hutun awa 24 a jere a cikin kowane kwana bakwai, kuma abin da ya haura lokacin da aka yi yarjejeniya a kai, aikin ƙarin lokaci ne. Tana da kwana 12 na jinya da albashi a shekara idan likita ya tabbatar, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan ta cika wata 12.

Zaftare albashin nan shi ya fi ci min rai, domin ya zama ruwan dare a shagunanmu har ana ganin kamar halal ne. Sashe na 5 ya hana mai aiki ya ci ma'aikaci tara daga albashinsa. Ko asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko ta sakaci, ba a cirewa sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tun kafin a cire. Kofin da ya suɓuce a lokacin cunkoso yana cikin asarar da kowane mai shago yake lissafawa tun ranar da ya buɗe. Alat na bogi kuwa zamba ce aka yi wa shagon, kuma maganinta ƙa'ida ce da mai shago zai kafa: ba a miƙa kaya sai kuɗi sun bayyana a na'urar shagon ko a asusunsa, komai girman rigar mai saye. Idan bai kafa wannan ƙa'ida ba, ko kuma ya saba yi wa ma'aikata faɗa don sun tsayar da wani babban mutum suna jiran tabbaci, to asarar tasa ce.

Game da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ka sani cewa dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin shagunan gahawa ƙanana ne. Idan shagon reshe ne na babban kamfani, ku bincika adadin ma'aikatan kamfanin. Idan kuma ta ƙone ko ta ji rauni a bakin aiki, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma mai aiki ne yake zuba kuɗin, kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci.

A kan masu neman lambar waya da masu kai hannu: Najeriya ta rattaba hannu a Nuwamban 2022 a kan Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, kuma ta haɗa har da wanda ya fito daga kwastoma. A Abuja akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP take kula da aiwatar da ita. Ƙorafin aiki ana fara kai shi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, idan bai warware ba akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda kundin tsarin mulki ya ba ta hurumin sauraron shari'ar tsangwamar mata a wurin aiki. Ba zan ruɗe ka ba, jami'an sa ido sun yi kaɗan, shari'a tana jan lokaci, kuma ma'aikaciya mai ƙaramin albashi ba kasafai take iya bin ta ba. Amma na sha ganin mai shago ya sauya murya nan take da ya ji ma'aikaci ya ambaci sashen doka da lambarsa, cikin ladabi.

Ita kuma a bakin kantar shagon, abin da nake koya wa duk wanda na horar shi ne ya raba mai fushi da mai wulaƙanci. Wanda ya jira minti ashirin, ko aka kawo masa abin da bai ce ba, yana da gaskiya ko da ya ɗaga murya. Wannan a ba shi haƙuri sau ɗaya da zuciya ɗaya, a gaya masa takamaiman abin da za a yi: "Yi haƙuri ranka ya daɗe, yanzu zan sake haɗa maka, minti biyu." Yawancinsu nan take suke sauka, wasu ma su dawo washegari suna jin kunya. Amma da zarar magana ta bar gahawa ta koma kanta, wato iyayenta, ko ƙabilarta, ko jikinta, ko "kin san ko ni wane ne", to ta daina ba da haƙuri, domin haƙurin a nan ƙara masa ƙarfi yake yi. Ta ce, "Bari in kira maka manaja," ta ja baya daga kantar. Kada ta rama, kada ta tsaya musu. Mai neman lamba, amsa ɗaya ce ba a canza ta: "Ba ma bayar da lamba a wurin aiki." Kada ta ƙirƙiro uzuri, domin uzuri ƙofar ciniki ce, gobe zai dawo da wata dabara. Wanda ya taɓa ta kuwa, ko ya tsaya jiran ta a waje bayan an tashi, wannan ya wuce maganar shago. Ta faɗa a ranar, a nemi hoton kyamarar tsaro kafin na'urar ta goge shi, a kai rahoto.

Ta sayi ɗan littafi, ko ta buɗe wuri a wayarta, ta riƙa rubuta ranar da abu ya faru, da lokaci, da wanda yake wurin, da abin da manaja ya ce. Ta rubuta lokacin shigarta da na fitarta kullum. Ta ajiye alat ɗin albashinta na kowane wata. Ranar da za a yi zama, wanda yake da rubutu shi ake saurara.

Ga yadda za ku auna manajan. Ta nemi ganinsa a lokacin da shago ya lafa, ba a tsakiyar rigima ba, kuma in da hali ta tafi da abokiyar aiki ɗaya ko biyu masu irin kukanta, domin mutum ɗaya ana iya cewa shi ne mai matsala, uku kuwa ba a cewa haka. Ta nemi takardar sharuɗɗan aikinta. Ta nemi a mayar mata da kuɗin da aka cire, a kuma kafa ƙa'idar alat. Ta tambaye shi kai tsaye: idan kwastoma ya zage ni ko ya taɓa ni, me kake so in yi, kai kuma me za ka yi? Ta roƙi kada a bar mace ita kaɗai ta rufe shago da dare. Manajan kirki ba lallai ya biya duka a rana ɗaya ba, amma za ka ji yana neman mafita, kuma ranar da abu ya sake faruwa za ka gan shi ya fito ya tsaya tsakaninta da mutumin. Na taɓa ganin wata manaja ta zagayo daga bayan kantar shagon, ta mayar wa wani mai zagi kuɗinsa a hannu, ta ce masa cikin nutsuwa, "Alhaji, mun gode, amma ba a yi wa yarana haka a nan." Ta yi asarar kwastoma ɗaya, ma'aikatanta kuwa suka daina neman aiki a wani wuri. Wanda kuma zai ce mata "kwastoma sarki ne, in ba za ki iya ba akwai masu jira a waje", ya riga ya ba ku amsa.

Kai ma akwai naka. Kada ka je shagon da faɗa, domin kai za ka huce ka tafi, ita za a bari da sakamakon. Ku daina tsayawa a kan "yi haƙuri" kawai idan ta dawo. Haƙuri yana da kyau a kan gajiya da layi da kwastoma mai gaggawa, amma ba a ce wa 'ya mace ta haƙura da mai kai mata hannu. Ka saurare ta har ta gama. Ka tsara mata abin hawa amintacce a ranakun da take tashi da dare. Ka saya mata takalmi mai taushin ƙasa wanda ba ya santsi, idan ta dawo ta ɗora ƙafafunta a kan matashi, idan kuma kumburin bai sauka da safe ba ko ƙafa ɗaya ce kawai take kumbura da ciwo, ta ga likita.

Idan bayan zaman nan aka ga canji, ina ba da shawarar ta ƙara wasu watanni, domin sana'a ce ta gaske take koya: wanda ya iya saita injin niƙa, ya iya madara, ya iya riƙe layi ba tare da ya rikice ba, manyan otal-otal da sababbin shaguna suna nemansa, kuma shekara guda a takarda ta fi wata biyar nauyi. Idan ba a ga canji ba, ta fara neman wani wurin tun tana nan, ta tambayi ma'aikatan can yadda manajansu yake kafin ta karɓa. Idan kuwa an taɓa ta ko an yi mata barazana kuma shagon ya kau da kai, kada ta jira samun wani aikin. Ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, sanarwar ajiye aiki ta mako ɗaya doka ta nema, a rubuce, sai dai idan takardar aikinta ta faɗi fiye da haka. Ta riƙe kwafin sanarwar da sa hannun wanda ya karɓa, ta lissafa kwanakin da ta yi a watan da kuɗin da aka cire mata a baya ta nema a biya ta, sannan ta karɓi takardar shaidar cewa ta yi aiki a wurin kafin ta miƙa rigar aiki.